Muryata Ta Riga Ni Zuwa Abijan

Bukar ɗan gwaggona ya sace mini murya, ya ci ragunan mutane da ita. Ba kwaikwayona ya yi ba. Muryata ce ta gaske, ni na yi maganar da bakina.

Sunana Ari, dillalin dabbobi ne ni a Gure, na fi shekara ashirin ina riƙe igiya a kasuwar Gidigir. Lakwal, wato makarantar boko, aji shida na yi aka koro ni. Ina karanta faransanci, amma a hankali, kuma sai ba kowa a kaina. Aikinmu dai ba na takarda ba ne. Makiyayi zai ba baƙo raguna bai ga ko dala ba, muddin dillali ya ce ya tsaya masa. Da can sai ka taka da ƙafarka ka faɗa. Da waya ta zo muka koma bokal, wato saƙon murya. Wata damina Bukar ya ce zai sayi raguna wurin wani tsoho a Alakos, tsohon kuwa ba shi da babbar waya. Na danna na ce: "Salamu alaikum, Ari ne dillali. Wanda ya kawo muku wannan saƙo nawa ne. Ku ba shi, na tsaya masa." Ban ambaci sunan tsohon ba, ban faɗi rana ba, ban ce raguna kaza ba. Me zai sa? Haka kowa ke yi, wanda ake wa magana ya san kansa. Na tura wa Bukar ya kunna masa, ciniki ya tafi lafiya.

Gab da Layya ta gaba, Bukar yana zaune a Abijan ya watsa saƙon nan rugage bakwai, ya turo wani da kamiyo, babbar motar kaya, ya kwashe dabbobi. In an turo saƙo daga wani wuri akwai 'yar alama da ƙaramin rubutu a samansa, amma mutanenmu kunne suke sawa, ba ido ba. Sarkin dillalai ya kunna shi sau uku a gaban jama'a, ya ce, "Ari, muryarka ce?" Na ce tawa ce. Ya ce to in ajiye igiya sai gaskiya ta fito. Na je gaban alƙali, mutumin kirki, ya saurare ni har ƙarshe, ya ce hannunsa bai tsallake iyaka ba. Shekara biyu ina zuwa kasuwa ina zama a inuwa kamar mai jinya, waɗanda na koya wa duba haƙorin rago suna wuce ni ba sallama.

Fanna 'yar ƙanwata ita ta ce in taho. Tana Abijan tana karatun da suke ce wa masta, na gaba da digirin shari'a, kuma abin da ta zaɓa shi ne laifukan da ake yi ta waya da intanet, da dalilin da ya sa doka ke kasa kama masu yi. Na yi tsaki, na ce ɓarawo ɓarawo ne, wane karatu yake buƙata? Ta ce, "Kawu, ka dai kawo wayar nan da kanka. Kar ka kai wa mai gyara, kar ka goge komai, kar ka ba kowa ya riƙe maka. Ita kaɗai ce shaidarka."

A Yamai na samu mota. Ba motar mutane ba, kamiyon raguna mai hawa biyu, na shiga a matsayin ɗan rakiya. Aikin shi ne ka tsaya cikin dabbobi, wanda ya faɗi ka ɗaga shi kafin 'yan'uwansa su tattake shi. Ni da nake sa wa rago kuɗi da kallo ɗaya, ga ni tsamo-tsamo cikin fitsarinsa. Direban wani Bamoshe ne mutumin Burkina, Salfo, Hausarsa ta tasha ce, rabinta zagi. Ya ga jakar fata a wuyana ya ce, "Tsoho, layar bindiga ce?" Na ce ta fi nan. Wayar ce a ciki, na naɗe ta a leda uku.

Da muka shiga Burkina aka tara mu kwana huɗu muna jiran sojan rakiya. Motoci jere har inda ido ya tsaya, rana tana dukan kwano, raguna suna haki. Biyu na yanka da hannuna kafin su zama mushe. Da aka saki hanya muka yi ta wuce garuruwa, ga rumbuna, ga masallaci, ga turmi a kife, babu ko kaza. Salfo mai surutu ya kashe rediyo. Ni ban taɓa sanin gari zai iya zama a tsaye babu mai shi ba. Na yi ta salati cikin raguna har muka fara ganin mata da tallan albasa a bakin gudro, wato kwalta.

A Wagadugu aka cuce ni, kuma ɗan gida ne ya yi. Ina alwala a tasha wani ya ce mini "Wushe!" Gaisuwar garinmu ce, wallahi sai da ruwan ya zube daga hannuna. Ya ce shi ɗan Gamu ne, can wajenmu, ya ambaci rijiyoyi, ya ambaci mutanen da na sani. Muka sha shayi, ya tambaye ni ko ina da karne, katin allurar da ake nema a iyakar Kodebuwa, ƙasar da Abijan take. Na ce babu. Ya ce ai wannan ba komai, ya tafi ya dawo da kati rawaya da hatimi har biyu. Na biya, na yi godiya. Sai ya ce, "Ya Ari, kawo wayarka in sa maka caji, hanya da nisa." Hannuna ya kai wuya. Sai na ji yadda yake magana, laushin nan, dariyar nan kafin a faɗi abin dariya, irin ta Bukar sak. Na ce wayar ta mutu. Ya dube ni, na dube shi, ya ce zai je ya dawo. Har yau yana dawowa.

A Bobo ruwa ya same mu da hantsi. Mu a Gure hadari yakan yi sallama, ka gan shi tun daga gabas, ka kwashe shanya. Wannan kuwa zubowa kawai ya yi kamar an ɓalle bakin tafki. Kafin mu ja tamfol na jiƙe har ƙashi, da na taɓa jakar na ji ruwa ya shiga leda ta biyu. Na sauko ina rawar ɗari, na rungume ƙirji. Wata mai sayar da shinkafa ta ɗauka ciwon zuciya ne, ta jawo ni ƙarƙashin rumfarta. Ba ta jin Hausa, ba na jin Jula. Na buɗe na nuna mata. Ta ture kwanon awo, ta nuna mini buhun ɗanyar shinkafa, ta miƙo hannu. Na ƙi ba ta. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ja baya ta nuna in sa da kaina. Na tusa wayar cikin shinkafa, na zauna da hannuna a ciki har gwiwar hannu, wajen awa uku. Duk mai saye da ya zo sai ta auna masa daga wani buhu, ta nuna ni ta faɗi wani abu, su kwashe da dariya. Ta ba ni kunu mai zafi a baki, don hannun dama yana cikin buhu. Ban san sunanta ba. Ina sa ta a addu'a da "mai shinkafar Bobo", Allah ya san wadda nake nufi.

A iyaka ma'aikacin lafiya ya ɗaga katina ya kira abokin aikinsa ya zo ya gani. Ashe hatimin na likitan dabbobi ne. Aka sa ni layi a yi mini allurar gaske, rabin yini ya tafi. Salfo ya zage ni da harshe uku, ya tada mota, ya matsa gaba kaɗan, ya kashe. Da na fito na tarar da shi yana ɗaga mini ragon da ya faɗi. Ya ce, "Hau, rago mai karne."

Daga nan ƙasa ta sauya. Ciyawa ta fi raƙumi tsawo, tana ruɓewa a tsaye, babu mai kiwo. Na yi ta tuna shanun Alakos da bazara, yadda suke lasar ƙasa. Itatuwa kuwa sai ka ɗaga kai hula ta faɗi ba ka ga ƙarshensu ba. Ayaba a bakin hanya kamar ba ta kowa ba. Na ce Allah mai iko, wanda ya yi nan shi ya yi can. Amma kwana biyu cikin kurmi sai ƙirjina ya fara cushewa. Ba ka ganin nesa. A gida ka hau tudun rairayi ka hango mai zuwa tun yana ɗigo, ka san raƙumin wane ne kafin ya iso. Na yi kewar fura, na yi kewar ƙanshin kanwa a kwari, har masu wuce ni ba sallama na yi kewarsu.

Kwana goma sha ɗaya muka shiga Abijan. Gada a kan ruwa, wata gada a kan gadar, gidaje kamar an jera duwatsu an sa musu gilashi. Fanna ta zo tarye na, ta tsaya nesa kaɗan ta ce, "Kawu, sannu da hanya, amma wanka tukuna." Washegari ta kai ni bakin teku. Ruwa ne da ba shi da ɗaya gefen, yana tasowa yana rugugi yana komawa, ba ya gajiya. Ta ce a ƙarƙashinsa akwai igiyoyi shimfiɗe har ƙasashen Turawa, kuma saƙon da na yi a ƙofar gidana ya bi ta irinsu, ya shiga injuna a wata ƙasa mai sanyi, ya dawo wayar Bukar kafin in sauke hannu.

Na ce, "Bukar fa yana tsaye gabana ranar."

Ta ce, "Duk da haka sai da ya je ya dawo."

Na zauna a rairayi ina kallon ruwan.

A jami'arsu akwai wani ɗaki mai sanyi kamar randa. Wata mata da safar hannu ta karɓi wayar, ta rubuta ranar da sa'ar, ta sa na sa hannu, ita ma ta sa. Sai da Fanna ta ce "Kawu, saki," sannan na saki. Aka jona ta da inji. Can sai ga muryata a bango, an zana ta, tudu da kwari, tudu da kwari. Matar ta nuna wani ɗan fili ta ce nan na ja numfashi. Numfashin da na ja shekara uku da suka wuce, yana nan a ajiye! Kwana biyu suna bincike, suka fito da takarda mai hatimi: sau ɗaya aka yi saƙon, sau ɗaya aka tura shi, ga mutum ɗaya, cikin waccan damina, kuma ba a goge komai a wayar ba.

Na ce, "Alhamdu lillahi. Sai a kamo shi."

Fanna ta ce, "Zauna, Kawu. A ina aka yi satar?"

"A Alakos mana."

"Bukar ya taka Alakos?"

"Yana nan garin."

"To a nan aka yi?"

"Ragunan ai can suke."

"Shaidar cewa shi ya watsa saƙon kuma tana cikin injin wani kamfani a ƙasa ta uku. Alƙalin gida zai rubuta wa na nan, na nan ya rubuta wa na can, kowa da dokarsa, kowa da harshensa. Kafin amsa ta dawo wataƙila an share abin. Kuma dokar ta san sa hannu, ta san hatimi. Mutumin da lamuninsa murya ce, ba ta gama sanin inda za ta ajiye shi ba. Abin da nake rubutu a kai ke nan shekara biyu."

Na ce, "Wato ɓarawo ya yi tafiyar ƙiftawar ido, doka tana bin sa a kan jaki."

Ta ce, "Da ka bar ni na sa wannan a littafin da nake rubutawa."

Ranar da za ta kare littafin nata, sutanas suke ce wa abin, na sa rigata ta Juma'a. Malamai uku suka shigo da manyan riguna, kowa ya miƙe. Suka sa yarinyar nan a gaba kusan awa biyu. Wannan ya ja nan, wancan ya ja can, wata farfesa mai furfura tana buɗe shafi tana cewa ba ta yarda ba. Na so in tashi in ce su bar ta haka, marainiya ce. Amma Fanna ba ta girgiza ba. Yarinyar da na saya wa allo da alli a kasuwar Gure tana mayar wa manya magana da lambar doka, ta ƙasarmu da ta nan da ta wasu ƙasashe, ba ta duba takarda. Rabin faransancin ya wuce ni. Na ji haushin malamin da ya kore ni daga lakwal, na ji haushin kaina da na ji daɗin korar.

Da izinina ta kunna saƙon. Muryata ta cika zauren, "na tsaya masa," ta fassara musu. Farfesar ta ce in miƙe. Ta tambaya, Fanna tana juyawa, ko da gaske mutum zai ba da garkensa kan wannan magana kaɗai. Na ce, "Madam, shekara ashirin ana bayarwa, ba a taɓa rasa ko akuya ba sai wannan karon." Ta cire tabarau ta daɗe tana dubana, sannan ta rubuta wani abu. Aka ba Fanna sakamako mai kyau, aka yi tafi. Na fita waje na share fuska, na ce zafi ne.

Amma da na zauna da takardata mai hatimi sai na ga inda gizo yake saƙar a fili: waɗanda ba su karanta 'yar alamar kan saƙo ba, ba za su karanta shafi huɗu na faransanci ba. Da kunne aka kashe ni, sai da kunne za a tashe ni. Na ce wa Fanna zan ɓoye waya a aljihu in sa Bukar magana. Ta ce a'a, abin da aka ɗauka a ɓoye lauya zai wargaza shi, kuma zan zama irinsa. A fili, gaban shaidu, da saninsa.

Kasuwar dabbobin Abijan tana kusa da teku, warinta dai irin na gida. Muka je da safe wurin sarkin zangon mutanenmu, wani dattijo Ba'adare. Fanna ta karanta masa takardar tana juyawa da Hausa, ta gaya masa ana iya shigar da ƙara a nan garin ma, inda Bukar yake da turke. Dattijon ya aika a kira shi.

Ya zo cikin shadda, ya yi ƙiba, wayoyi biyu a hannu. Da ya gan ni ya tsaya cak, sannan ya buɗe hannuwa, irin wasan da ke tsakanin ɗan mace da ɗan namiji.

"Ubangidana! Da kanka ka biyo bawanka? Ai da ka aiko na turo maka kuɗin jirgi. Dubi yadda ka rame, ko matan Gure sun daina dafa tuwo?"

Ba wanda ya yi dariya. Sarkin zango ya ce ya zauna, ya ce daga yau ba mai ɗaure dabba a turkensa sai an gama wannan magana. Bukar ya ce kasuwa ce ta karye masa, niyyarsa ya biya. Ya matso ya rage murya, ya ce in zaɓi raguna ashirin cikin nasa, a bar zancen a cikin dangi.

Na ajiye wayar Fanna a kan tabarma tsakaninmu. Na ce, "Ana ɗauka, ka gani. Faɗi sunanka da na ubanka. Faɗi ranar yau. Faɗi rugagen ɗaya bayan ɗaya. Faɗi ko na sani."

Ya dubi sarkin zango, ya dubi dillalan da suka taru, ya dubi Fanna da takardarta. Ya yi gumi har shaddar ta manne. Sannan ya faɗa. Ya tsallake ruga ɗaya, na ce saura ta bakin rijiya, ya ƙara. Da ya kai "Ari bai sani ba," ya faɗa ƙasa-ƙasa, na ce ya maimaita da ƙarfi, tsofaffin Alakos kunnensu ya yi nauyi. Shaidu uku suka faɗi sunayensu a kai. Nan take Fanna ta tura wa sarkin dillalan Gidigir. Ba a jima ba amsa ta shigo, muryarsa da hayaniyar kasuwa a bayanta: "Na ji. Zan kunna wa jama'a. Ka ce wa Ari ya zo ya ɗauki igiyarsa."

Bukar ya kama gefen rigata. Ya ce, "Ya Ari, don zumunci, ka yafe mini."

Na cire hannunsa. Na ce, "Yafewa ba tawa ba ce ni kaɗai. Akwai gida bakwai, ka je ka bi su da ƙafarka, in sun yafe ka zo ka same ni a ƙarshe. Amma ina da saƙo. Gwaggo mahaifiyarka ta ce in na gan ka in gaya maka tana raye, idonta ne dai ya tafi. To na gaya maka. Shekara biyu tana ce wa mutane sharri ake maka, ni kuma ina kai mata hatsi ina yin shiru. In na koma za ta tambaye ni, zan ce na gan ka, lafiyarka ƙalau, ka yi ƙiba. Sannan in zauna kusa da ita in kunna mata wannan da hannuna, don kar ta fara ji a bakin rijiya. Wannan aikin ma ni ka bar wa, Bukar."